Baba, Ka Iya Wanka?

Mount Hope, Bronx
13 ga Afrilu

Zuwa ga Zeinabou, Maman Ikram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Yaya zafin Maraɗi, yaya kuma ɗawainiyar jinya? Mu nan sai godiya, sanyi ya fara sakin mu.

Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannuna a hoto. Saƙon murya a gidanku na kowa ne, kina danna shi ƙannenki sun kewaye ki, har maƙwabta su samu rabonsu. Wannan magana kuwa daga ni sai ke.

Ranar Lahadin da ta wuce ina zaune ina yankan farce, Ikram ta dawo daga aikinta na asibiti, ta ajiye jaka, ta tsaya a ƙofar falo tana jujjuya waya a hannu. Na zaci za ta jefo mini gaisuwarta ta Turanci ta shige ɗaki kamar kullum. Sai na ji ta ce, "Baba, ka iya wanka?"

Da Hausa, Zeinabou. Shekara goma sha biyar rabon da 'yar nan ta yi mini Hausa. Kin san ranar, ba sai na tuna miki ba: sunan ɗan abokina Rashidu, tana 'yar shekara tara, aka miƙa mata jariri ta ce "Allah ya jiƙan shi" maimakon "Allah ya raya". Na yi dariya har hulata ta faɗi. Da a nan na tsaya da sauƙi, amma na ɗauki labarin na yi ta yawo da shi, a shago, a ƙofar masallaci, duk baƙon da ya zo gidanmu sai ya sha shi tare da shayi. Kin sha ce mini in bari, ina cewa ai wasa ne. Tun daga nan in na yi mata Hausa sai ta mayar mini da Turanci. Da kina nan ke ce tafintar gida. Wata biyar ke nan da tafiyarki, ni da ita mun zama kamar fasinjoji biyu a mota ɗaya.

Na gane abin da take nufi, don a wayarta hoton mutane ne cikin ruwa da hulunan roba. Iyo take nufi. Dariya ta taso mini har maƙoshi, ki ji fa, dattijo mai shekara hamsin da shida a tambaye shi ko ya iya wanka! Sai na dubi fuskarta, na ga ta ɗan sunkuyar da kai tana jiran abin da zai fito daga bakina. In na ce mata ba haka ake faɗa ba, na san wata shekara goma sha biyar ɗin ce. Na haɗiye dariyata na ce, "Na iya."

Ban yi ƙarya ba, kin san ni da soso da sabulu. Amma kafin in rufe baki ta danna abin da za ta danna, ta rubuta sunanmu mu biyu a wata gasa da suke kira tirayatlon, ƙarshen watan Agusta, a wani tafki arewa da birni. Ta masu koyo ce, in ji ta, gajera ce. Mutum ya yi iyo mita ɗari huɗu, ya fito ya hau keke kilomita ashirin, ya sauka ya yi gudu kilomita biyar. Ni dai na raɗa mata tseren murhu, tunda duwatsu uku ne, in babu ɗaya tukunya ta kife.

Keke ba ya ba ni tsoro, da shi na yi kai abinci shekarun farkon zuwana. Gudu kuwa, wanda ya yi shekara shida yana shimfiɗa kaya a Canal Street ba a koya masa naɗe zane da ranta a na kare in 'yan sanda sun ɓullo. Ruwa ne matsalar. Tunda uwata ta haife ni ruwa bai taɓa wuce mini gwiwa ba. Marigayiya ba ta barin mu ko leƙen gulbi in ya kawo, cewa take kowace damina sai ya ci mutum ɗaya.

Don Allah kada ki gaya wa Ikram. Ki gaida Inna da kyau, da duk wanda ya tambaye ni.

Naki,
Hambali

10 ga Mayu

Zeinabou tawa,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Na ji daɗin jin Inna ta fara shan kunu da hannunta, Allah ya ɗora da sauƙi. Na kuma ga amsarki, layi biyu kacal, ɗaya addu'a ɗaya dariya. Na karɓa, ni na jawo.

Na samu malami. Kin san Kudus, mutumin Gana ɗin nan direban bas da ke sayen garin rogo a shagonmu, wanda Hausarsa ba ta da mace, matarsa ma "ya zo, ya tafi" ce. A bakin teku ya tashi, ya ce tun bai iya tsarki ba ya iya iyo. Na ce masa likita ne ya ɗora mini saboda ciwon baya. Yanzu sau uku a mako, muna idar da Asuba sai mu wuce wurin iyo na unguwa, lokacin babu kowa sai tsofaffi biyu ko uku. Dogon wando da riga nake sawa, in mun gama in shanya su a bayan shago, bayan buhunan shinkafa, don kada Ikram ta gani a gida.

Makon farko ban yi komai ba sai shan ruwan mutane. Ina shiga in ƙanƙame bango. Kudus ya ce in kwanta rigingine in saki jiki, na ce masa ɗan kasuwa bai taɓa sakin jiki ba. Ya ce, "Alhaji, ruwa bai son gardama koraa, ko kaɗan. In ka yi faɗa da shi ya ci ka, in ka ba shi wuya ya ɗauke ka." Ya sa tafin hannunsa ƙarƙashin ƙeyata, yana ba ni labarin wani kifi da kakarsa ke soyawa, ni kuma ina kallon rufi. Can na ji muryarsa ta yi nisa. Na juya ido, ashe ya daɗe da janye hannu, yana tsaye can gefe yana gyara hularsa.

Ban san yadda zan kwatanta miki ba. In kunnuwa suka nutse, New York gaba ɗaya sai ta yi shiru, babu jirgin ƙasa, babu jiniya. Abin da ke saura wani gunji ne mai taushi, a cikinsa kuma wallahi na ji lugude, irin na tsakar gidanmu da hantsi. Akwai 'yar taga a rufin wurin, na ga gajimare ɗaya yana wucewa a hankali, sai na ga kamar a kwance nake cikin yashin gulbi lokacin rani, inda muke kwanciya muna yara, ruwa ya zo a hankali ya ɗaga ni bai tashe ni ba. Shekara ashirin da bakwai ina garin nan, ban taɓa jin wani abu ya ɗauki nauyina ba sai ranar. Da na miƙe hawaye nake, amma a cikin ruwa wa zai gane.

Ranakun Lahadi muna fita da keke ni da Ikram, mu bi bakin kogi. Tana gaba ina baya. In za mu juya sai ta ɗaga hannu ta ce "dama", mu kuma yi hagu, ni dai hannun nake bi. Lahadin da ta wuce ta ce mini ƙafarta "ya gaji", ta tambaye ni sunan tsuntsun da ke tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya, na ce zalɓe ne. Ta maimaita shi sau uku a ƙarƙashin numfashi. Har muka iso gida ban ji tudu ko ɗaya ba.

Ki kula da kanki ke ma, mai jinya shi ma majinyaci ne.

Mijinki,
Hambali

21 ga Yuni

Maman Ikram,

Assalamu alaikum, da fatan kun yi sallar layya lafiya, Allah ya maimaita mana. Yaya Inna, yaya ruwa? An ce an yi shuka. Gulbi ya kawo kuwa? In ya kawo ki aiki wani ya ɗauko mini hotonsa, ina so in dube shi ido da ido.

Yau ƙarar kaina na kawo miki. Ashe riƙe labari ya fi riƙe numfashi wuya. Kullum da la'asar in majalisa ta haɗu a ƙofar shago, labarin nan na "ka iya wanka" sai ya riƙa yi mini ƙaiƙayi a harshe. Na san inda zan tsaya, na san inda zan kwaikwayi muryarta, na san Rashidu zai riƙe ciki ya zauna a kan kwali. A duk labaran da Allah ya ba ni babu wanda ya kai shi daɗi, ga shi na binne shi da raina. Wani lokaci sai in shiga bayan shago in ba buhunan shinkafa labarin.

Ranar Talata Ikram ta biyo ta shago ta kawo mini sauran naman layya da ta soya. Akwai wani baƙo daga Damagaram a majalisa. Ta gaishe su, da Hausa, ta ce musu ina wuni. Rashidu don murna sai ya ce wa baƙon ai wannan ita ce 'yar da ta yi wa ɗansa addu'ar mamaci ranar suna, ya juyo gare ni ya ce in ba shi labarin, ni na fi iyawa. Na ga hannunta ya tsaya a kan murfin kwano. Na ce na manta shi. Rashidu ya ce yaya za a yi in manta, na ce tsufa ne, na kawo zancen tsadar albasa. Ba ta dube ni ba, amma ta zauna a kan kujerar shago har aka kira Magariba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Batun ruwa kuwa, yanzu ina kai bango in dawo sau huɗu kafin numfashi ya ƙare. Ana bukatar sau takwas. Kudus ya ce ƙafafuna suna tuƙa keke a cikin ruwa, hannuwana kuma suna ba da canji. Sannu ba ta hana zuwa.

Ruwan ya fara bi na har shago. Shekaranjiya da azahar, zafi ya yi yawa babu ciniki, na jingina da kantar shago ina kallon titi, sai na ga Grand Concourse ta cika da ruwa ja irin na gulbinmu, yana tafiya a hankali tsakanin benaye. Bas-bas sun zama jiragen kwale-kwale. Ga ki can a tagar ɗakinmu kina shanya zane, ga marigayiya uwata a bakin matakala tana kirana in fito, ni kuma ina rigingine ina wucewa, ina ce mata ta kwantar da hankalinta, ya ɗauke ni. Wata mata ce ta tashe ni tana neman daddawa.

Ina kewarki, ba na jin kunyar rubuta shi tunda ba a gaban mutane ba ne.

Naki,
Hambali

3 ga Agusta

Zeinabou,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Inna. Na ga hoton gulbi, na gode. Ya fi yadda nake tuna shi faɗi.

Yau ba ni da wasa. Kudus ya kai ni tafkin da za a yi gasar don in gwada. Zeinabou, wannan ba ruwan unguwa ba ne. Babu bango, babu layin da ake bi a ƙasa, in ka buɗe ido kore ne kawai sai duhu. Ban yi mita talatin ba ƙirjina ya kulle, na manta duk abin da na koya, na riƙa dukan ruwa ina kiran sunan Allah. Da wuyan riga Kudus ya jawo ni. A mota ya ce mini ciwon baya bai kai a mutu a kansa ba, in janye, baɗi ma shekara ce.

Na dawo gida da niyyar in zaunar da Ikram in faɗa mata gaskiya, cewa kalmar iyo ce, ni kuma ban iya ba. Na tarar ta ajiye mini wata baƙar rigar roba a kan gado, irin wadda ake shiga tafki da ita, da 'yar takarda a kai ta rubuta "Na Baba". Na sa ta, na dubi madubi, na ga tarwaɗa mai furfura. Ta leƙo ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta ce na yi kyau. Sai na kasa.

Tsoro nake ji, na ruwan da kuma na bakina. Saura mako uku, zan koma tafkin duk ranar da Kudus ba shi da aiki. Ki sa ni a addu'a, ki roƙi Inna ma, amma ki ce mata ciwon baya ne.

Hambali

25 ga Agusta

Zuwa ga matata Zeinabou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da hannun da ƙyar yake riƙe alƙalami. Ina fata Inna na ƙara samun ƙarfi. Ga mijinki da rai, sai dai duk gaɓar da Allah ya halitta mini yau ta san da kanta.

Jiya aka yi. Mun isa tafkin rana na fitowa, hazo na kwance a kan ruwa kamar tururin tukunya. Mata matasa aka fara saki, Ikram a cikinsu, ta sa rigarta mai rufe jiki har wuyan hannu. Mu dattawa aka bar mu ƙarshe. Da aka busa, na bari kowa ya wuce, na yi bisimilla na shiga.

Rabin farko lafiya lau. Da na zagayo alamar da ke tsakiyar ruwa sai na shaƙi ruwa ta hanci, ƙirjin ya sake kullewa. Wani mai kwale-kwale daga masu tsaro ya matso yana tambaya ko in fito da ni. Na tuna maganar Kudus, na juya rigingine na ba ruwa wuyana. Kunnuwa suka nutse, komai ya yi shiru. Sama fara tas, sai zalɓe ɗaya da ya ratsa ta. Luguden nan ya dawo, na kwanta ina saurarensa, ban san minti nawa ba, har na ji numfashina ya bi sautinsa. Sannan na juya na ci gaba, hannu ɗaya bayan ɗaya. Iya ruwa fid da kai, ni dai na fid da nawa.

Ni ne na ƙarshe da ya fito. Da rarrafe na taka yashi, ruwa na zuba daga hancina, ina tari, idona bai gani sosai. Wurin ajiye kekuna ya zama fili, saura keke biyu, nawa da wani. Sai na ga mai shi tsaye a bakin ruwa da tawul. Ikram ce. Ta fito tun da daɗewa, abokan tserenta sun yi nisa, ita ta ƙi hawa. Ta yafa mini tawul ɗin a ka, ta riƙe fuskata da hannu biyu tana dubawa kamar yadda suke duba majinyata, sannan ta ce, da ƙarfi, a gaban Kudus da kowa:

"Allah ya raya, Baba."

Ita ta fara dariya. Ni na kasa, na zauna a yashi na rufe fuska da tawul.

Sauran ba labari ba ne. Mun hau keke tare, mun yi gudun tare, in abin da na yi sunansa gudu. Ana naɗe tutoci muka iso, amma an rataya mana abin wuya kamar kowa.

A hanyar dawowa ta ba ni nata labarin, rabi Hausa rabi Turanci. Tun watan Mayu ta sani. Wata tsohuwa Bakanuwa ce aka kwantar a ɓangarensu, ita kuma don ta gwada Hausarta ta ce mata za ta je tafki ta yi wanka da babanta. Tsohuwa ta yi salati ta dafe ƙirji, da ta gane sai ta ce mata iyo ake cewa. Ta ce ranar ta dawo gida tana jiran ta ji labarin ya zaga majalisa. Mako ya wuce, wata ya wuce, shiru. Ta kuma lura ina dawowa da jajayen idanu da warin maganin ruwa, ta ga wandon a bayan buhunan shinkafa, ta gane ban iya ba, koyo nake. Ta so ta ce in bari, sai ta ji tsoron in ta faɗa fitar Lahadi za ta ƙare. Rigar robar ma don tana taimaka wa mutum ya taso sama ta saya, ta kuma roƙi mai kwale-kwalen kada ya ɗauke ido daga kaina. Kin ji, wata uku muna gida ɗaya kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya.

Na roƙe ta gafarar shekara goma sha biyar. Da Hausa na roƙa, da Hausa ta amsa. Ta ce labarin wanka kuma nata ne, ita za ta ba Rashidu da bakinta ranar da ta ga dama, ni aikina in zauna in yi shiru.

Ga ta nan ta karɓi alƙalami wai za ta gaishe ki. Ban gyara mata ko harafi ɗaya ba, ke ma kada ki gyara.

Naki har kullum,
Hambali

Mama, ina gaisuwa, ina gaida Inna. Baba ya yi wanka da kyau. Ya zo last amma bai mutu ba. Ki dawo gida, muna kewa ki. Ni ne, Ikram.